Haihuwar Ɗaya ga Janairu

Shekara shida ina shigar da bayanan masu inshorar lafiya cikin kwamfuta a wani asibiti a Pantami. Duk tsohon da bai san ranar haihuwarsa ba, sai in buga masa ɗaya ga Janairu.

Sai ga Dakta Gilbert, wai masanin bincike. Ya kwashi bayanan, ya daidaita su da na sauran asibitoci, ko sannu bai ce mana ba, balle tambaya. Ranar taro ya miƙe yana hura hanci, wai ya gano waɗanda aka haifa a Janairu sun fi kamuwa da hawan jini. Har da tafi!

Na ɗaga hannu na ce, "Ranka ya daɗe, sa sunana a binciken. Duk ni na haife su."