Abin da Matar Tela Ta Ce

Tsohon kwali ne ya ci amanar Auta. Tana janyo shi daga ƙofar gidansu gindinsa ya ɓalle, ƙananan littattafai suka watse a ƙasa, har biyu suka gangaro bakin shagon Tela. Tela ya ɗaga ƙafa daga kan keken ɗinki, ya leƙo ta saman tabarau.

"Ke Auta, tashi za ku yi ne?"

"A'a, Baba Tela. Ƙona su zan yi a bayan gida. Baba ne ya sa ni."

Tela ya sunkuya da ƙyar ya ɗauki guda. Irin littafin aljihun nan ne mai baƙin bango, an manna 'yar takarda a kai an rubuta shekara. Ya buɗe. Rubutun kamar tururuwa ta faɗa cikin tawada ta fito tana neman hanya, ko harafi ɗaya bai gane ba.

"Mene ne a ciki?"

"Maganganun mutane. Ya ce duk abin da ya ji ta tagarsa shekara da shekaru yana nan, kuma ba wanda ya ba shi izini, don haka ba zai tafi ya bar su ba." Ta ci gaba da tattara sauran. "Ya ce rabinsu na Inna ne, matarka."

Uban Auta shi ne wanda duk layin ke kira Marubuci. Littafi goma sha ɗaya ya rubuta, an mayar da huɗu fim, sannan gidan talabijin ya riƙe shi shekaru yana rubuta musu shirin ranar Laraba. Shekara goma sha tara ke nan tsakaninsa da Tela babu abin da ya wuce "ina kwana" da "lafiya lau", alhali katanga ɗaya ce ta raba su. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tagar ɗakin aikin Marubuci tana kallon tsakar gidan Tela, matar Tela kuwa, Allah ya jiƙanta, ba a haife ta da ƙaramar murya ba. Wata Laraba Tela yana zaune cikin mutane ana kallo, sai ga wani tela a akwatin talabijin matarsa tana wanke shi tas, da kalmomin da aka wanke shi da su ranar Lahadi a gidansa, ba ragi ba ƙari. Mutane suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Washegari duk wanda ya kawo ɗinki sai ya ce, "Jibi ko, Tela?" ya kuma ƙyalƙyale. Ita matar dariya ta yi, ta ce ai gara da aka samu mai sauraronta a unguwar. Shi dai bai yi dariya ba, kuma shi mutum ne da in ya ƙulle abu a ransa, ƙullin ya fi na zarensa ƙarfi.

Shekara bakwai da rasuwarta. Abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba shi ne muryarta ta ɓace masa. Fuskarta tana nan, da yadda take ɗaura ɗankwali a karkace, da tabon ƙuna a hannunta na hagu. Amma in ya rufe ido ya ce ta yi magana, sai bakinta ya motsa babu sauti. Matar da ta yi shekara talatin da ɗaya tana cika masa kunne. Abin yana cin sa, yana kuma ba shi kunya.

Ya sa littafin a aljihun rigarsa, ya bar wandon mutane a ƙarƙashin allura.

"Kar ki ƙona komai tukuna. Yana farke?"

Ɗakin Marubuci yana warin magani da tsohuwar takarda. An matsar da teburin aiki gefe an sa gado, kuma mutumin da ke kan gadon ya kusa ɓacewa cikin bargo. Tela ya ji labarin yana fama da ciwon huhu tun watanni, amma bai zaci ya kai haka ba. Idanun ne kaɗai ba su tsufa ba, suna nan da neman maganarsu.

"Maƙwabci," in ji Marubuci, "ka zo ƙarasa faɗan ne? Ka yi sauri, lokacina kaɗan ne."

"Na zo karɓar kayana ne, Malam." Tela ya ajiye littafin a kan bargo. "Sai dai ka rubuta shi yadda ko aljani ba zai iya karantawa ba."

"Dole. Bakin matarka ya fi hannuna sauri. Sai da na ƙirƙiro wa kaina gajeren rubutu saboda ita. Ko Auta ba ta iya karanta shi." Ya miƙa hannu. "Ba ni tabarau, ka zauna. Kujerar ba ta cizo."

Marubuci ya buɗe tsakiyar littafin, ya gyara murya, sai ya ɗan ɗaga haɓa ya ja ƙarshen kalma sama, yadda take yi.

"Kai dai da za a ba ka duniya ka ɗinka, cewa za ka yi a dawo jibi."

Tela ya riƙe hannun kujera. Muryar tsoho ce, mai tsatsa, tana fita da sarƙewar numfashi. Amma tashin maganar da saukarta nata ne, har da ɗan tsayawar nan da take yi kafin ta saki ta ƙarshe.

"Ci gaba," ya ce.

"Dubi mutumin da ke suturta gari, wandonsa da fil ake riƙe shi." Ya juya shafi. "Ni ai keke na aura, kai ɗan rakiya ne." Ya sake juyawa. "Za ka sha shayin nan ko in kai wa kaji?"

Dariya ta ƙwace wa Tela, irin wadda take zuwa da ruwan ido. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya ce ƙura ce. Marubuci ya juya shafi.

Tun daga ranar, kullum da hantsi Tela yakan rufe shago ya shigo da aikin hannu, maɓallai da kalmasa, ya zauna gefen gado. Auta ta jera littattafan a kan tebur bisa shekaru, arba'in da ɗaya cif. Marubuci yakan tsallake maganar mai wanki da ta masu faɗa a kan famfo, ya nemo ta Inna. In numfashi ya yanke masa sai ya kwanta ya huta, ya shiga labarin da.

"Da littafi na fara, kuma da na tsaya a nan da mun rabu lafiya," ya ce wata rana. "A littafi mutum zai yi shiru shafi uku, ba wanda zai tambaye ka. A talabijin in ya yi shiru minti ɗaya sai a ce wuta aka ɗauke. Littafina na farko da aka yi fim ɗinsa, shafi ɗari uku ne. Darakta ya ce in mayar da shi awa ɗaya da rabi. Na kashe kakar yarinyar, na haɗe 'yan'uwa uku suka zama ɗaya, na mayar da kogi rijiya saboda ba su da jirgin ruwa. Da na gani a majigi ban gane ɗana ba, amma mutane suka yi ta tafi."

"Sai ka ji daɗin tafin."

"Wa ba ya so? Sai kuma aka ce shiri duk mako. Maƙwabci, ka san abin da ake nufi da duk mako? Ranar Litinin direba yana bakin ƙofa yana danna hon, 'yan wasa suna can sun sa kaya suna jira, ni kuma kaina fayau. Na zauna a tagar can ina cizon biro, sai na ji ta fara. Na ce bari in ari layi ɗaya."

"Layi ɗaya."

"To, ka san aro." Ya yi tari mai tsawo, Tela ya riƙe masa kofi. "Abin da ya fi ƙona mini rai, duk wanda na ƙirƙiro da kaina an manta da shi. Har yau in mutum ya tare ni a hanya, maganarta yake maimaita mini, ya ce Malam, ina ka samo wannan basira? Ni kuwa in yi murmushi in karɓa. Kaset ɗin ma babu, sun ɗora wasu shirye-shirye a kai. Ita kaɗai ta rage, a nan."

Tela ya ja zare ya ciza. Ya daɗe yana tanadin maganar da zai faɗa wa mutumin nan, shekara goma sha tara yana goge ta, amma da ya neme ta sai ya ga ba ta da sauran amfani.

"Wadda ta yi wasan ma ba ta iya ba," ya ce. "Ihu take yi. Ita kuwa ba ta ihu, muryarta ce haka."

"Na faɗa musu. Ba su ji ba."

Suka kai littafi na tara a kwana goma sha biyu. Karatun ya fara gajarta. Da farko shafi goma, sannan biyar, sannan layi huɗu da dogon hutu a tsakani. Tela yana gani, amma ya ƙi gani. In ya koma shago sai ya yi ta maimaita abin da ya ji, kafin la'asar sautin ya sake gudu, kalmomin kawai su rage. Shi ya sa gari na wayewa yake ƙosawa ya koma.

Ranar ta goma sha uku Auta ta tare shi a bakin ƙofa, tana murɗa gefen mayafinta.

"Baba Tela, don Allah kar ka ji haushina. Likita ya ce ya daina doguwar magana. In ka tafi sai ya yi awa biyu yana neman numfashi. Ba zai faɗa maka ba, kuma in ya san na faɗa sai ya yi mini faɗa."

Tela ya dubi ƙyallen da ke hannunsa. Saura littafi talatin da biyu, kuma mutum ɗaya ne a duniya zai iya buɗe su. Ya so ya ce shafi ɗaya kawai, layi ɗaya ma. Sai ya tuna wanda ya fara cewa layi ɗaya.

"Kin yi daidai, 'yata. Ki ce masa ɗinki ya yi mini yawa."

"Zai ce ƙarya kake."

"Ki ce masa zan zo jibi."

Ya koma shago ya hau keke. Kwana biyu yana taka shi kamar mai fushi da ƙarfe, ya gama ɗinkin da ya yi wata yana jan ƙafa a kai, masu kaya suna ta mamaki. Duk lokacin da ƙofar maƙwabta ta motsa sai ƙafarsa ta tsaya.

Safiya ta uku, kafin ya gama share bakin shago, ya ji kukan Auta. Ya jingine tsintsiya a hankali, ya shiga.

Aka yi abin da ake yi. Mutane suka zo da yawa, har da tsofaffin 'yan wasa da furfura ta sauya musu kama, da wani darakta da ya yi ta ba da labarin yadda shi ya gano marigayin. Tela ya zauna a gefe yana karɓar gaisuwa kamar ɗan'uwa, ba wanda ya ga abin mamaki a ciki sai shi kansa. Baƙin cikinsa biyu ne, na maƙwabcinsa da na muryar matarsa da ta tafi tare da shi, kuma bai san wanne ya fi nauyi ba.

Bayan mako guda Auta ta shigo shago da kwali, wannan karon ta ɗaure gindinsa da igiya. Ta ajiye a gefen keke, ta zaro farar takarda guda daga jakarta.

"Littattafan ya ce naka ne, ko ka ƙona ko ka ajiye. Wannan kuma kwana biyun da ba ka zo ba ya yi ta fama da ita. Na ce ya faɗa in rubuta masa, ya ƙi. Ya ce an hana shi magana, ba a hana shi rubutu ba."

Da ta fita Tela ya gyara tabarau. Manyan haruffa ne, ɗaya bayan ɗaya kamar na ɗan aji ɗaya, suna gangarowa ƙasa. A sama an rubuta: Waɗanda ban sa a talabijin ba. Layukan ba su kai goma ba.

Ka ci wani abu kafin ka hau keken nan.

Bar shi, ni zan zura maka zaren, idonka ya gaji.

Rigar nan da ka yi mini, ko matar gwamna albarka.

Ya bi su a hankali da ɗan yatsa har ya iso na ƙarshe, inda biron ya fara rawa.

Tashi ka miƙe bayanka, tun safe kake duƙe. In ka gurgunce mini, wa zan

A nan rubutun ya tsaya. Wani ɗan jan tawada ya zarce zuwa gefen takardar, shi ke nan.

Tela ya zauna yana kallon wurin da babu komai a takardar. Ƙafarsa ta ɗan taka keken ba da saninsa ba. Sai ya ji bakinsa ya buɗe, haɓarsa ta ɗaga, ya yi ɗan tsayawar nan kafin ta ƙarshe.

"Wa zan riƙa yi wa faɗa?"

Ba wanda ya karanta masa wannan. Ya ji ta sarai, daga bayansa, daga wajen ƙofar da ke shiga cikin gida, da ƙarar bokitin da take ajiyewa.

Ya ninke takardar ya sa a aljihu. Ya dafa teburin keke ya tashi, ya sa hannu biyu a ƙugu, ya miƙe bayansa a hankali, ƙafar keken tana juyawa ita kaɗai har ta tsaya.