Galmar da Rabo Ya Ƙera

A zamanin da Dakoro ba ta wuce rijiya da 'yan bukkokin makiyaya ba, an yi wani maƙeri a Korahane mai suna Rabo. Mutum ne da bai san shakka ba. In ya ce ƙarfe ya nuna, to ya nuna. In ya ce gatarin nan zai kai jikanka, kada ka tsaya musu. Haka kuma ranar da ya ce ɗansa na fari, Sa'adu, ɗan hoto zai zama, duk gari aka yi ta dariya, shi kuwa ko a jikinsa.

'Yan hoto su ne masu rawar nan ta manoma, da ke ɗaura warkin fata, ana kaɗa masu gangar noma, suna cilla galma sama tana juyawa, su cafe ta kafin ta kai ƙasa. Sa'adu yana da shekara tara ya fara ganinsu, wata kaka da suka biyo ta garin. Tun daga ranar, duk abin da ya shiga hannunsa sai ya tashi sama: muciyar uwarsa Azara, awartakin ubansa, har ɗan tsakon kaza bai tsira ba. Rabo ya yi wata guda yana kallonsa ta wutsiyar ido. Ya ga yadda ƙafar yaron ke zuwa wurin da abu zai sauka tun abin bai juyo ba. Sai ya ɗora shi a jaki, suka yi yini biyu a hanya, ya miƙa shi ga Mainassara, sarkin 'yan hoton garin Mai Yara.

Shekara biyar yaron na can. Da damina ya yi wa Mainassara noma, da rani ya koyi tsalle da juyi da jifa. Kowace kaka Rabo zai labta wa jaki dammunan gero da sababbin hauyoyi, da ƙullin man shanu daga Azara, ya kai. Amma da yake Sa'adu ɗan fari ne, Rabo ba ya kiran sunansa, ba ya ma dubansa ido da ido. Yaron zai zo ya durƙusa can nesa.

"Baba, an zo lahiya?"

"Lahiya."

Shi ke nan hirar shekara ta ƙare. Sauran labari sai a bakin Mainassara, shi ma sai Rabo ya kewaya: "Yaya ɗan nan naku? Yana jin magana?" Ya sha ganin kumburi a goshin yaron da yatsa ɗaure da tsumma, ya kau da kai.

A kaka ta biyar aka aiko masa cewa lokaci ya yi. Al'adar Mainassara ita ce, ranar wasan kaka za a shigar da mai koyo fage ya yi jifa uku gaban jama'a. In ya cafe duka, a ɗaura masa warki, ya bi ayarin 'yan hoto yawon rani. In ƙarfe ya taɓa ƙasa ko sau ɗaya ne, ya koma gidan ubansa, kuma Mainassara bai taɓa ba wani dama ta biyu ba. Galmar kuwa ba a aro. Daga gidan uban yaro take fitowa.

Rabo ya yi murmushi da jin haka. A ce ƙarfe ne ya rage? Ya hura wuta.

Azara ta zo ta tsaya bakin maƙera, abin da ba ta saba ba. "Maigida, kak ka yi ta da nauyi. Abin nan bisa kai za ya sauko. Ka ga tsohon nan na cikinsu, kahwaɗa guda ta karkace kamar ta raƙumi."

"Ke Azara, yau ni za ki koya ma ƙarhe?"

Ya kore ta da dariya, amma abin da ta faɗa shi ne a ransa tun da safe. Ya kwana uku yana bugu. Ya shimfiɗa ƙarfen ya yi sirara, ya dasashe bakin yadda ko gashi ba zai yanke ba, ya zaɓi ƙota mara nauyi ya goge ta sumul. In ka ƙwanƙwasa ta sai ta yi amo kamar ƙararrawa. Yaro ɗan shekara biyar ma zai ɗaga ta da hannu ɗaya. Rabo ya dube ta ya ce a ransa, ba a taɓa ƙera irinta ba daga nan har Gobir. Gaskiya kuwa ya faɗa.

Ya isa Mai Yara da hantsin ranar wasan. Gari ya cika, har da Buzayen ayarin gishiri da suka sauka bayan gari. Sa'adu ya zo ya durƙusa. Rabo ya ajiye galmar a tsakaninsu, ya kau da kai. Yaron ya ɗauka. Hannunsa ya yi sama da sauri fiye da yadda ya nufa.

"An gode, Baba," ya ce, ya tashi.

Rabo bai ga fuskarsa ba, don ba ya duba. Amma ya ji muryar, kuma ba muryar mai murna ba ce. Ya bar jakinsa ya bi bayan rumbuna a hankali, ya laɓe. Ya ga Sa'adu ya gyara tsayuwa ya cilla. Galmar ta tashi fiye da kima, iskar gabas ta kama faɗinta, ta yi ta kaɗawa kamar ganye, ta sauko taki biyu daga inda yaron ya tsaya. Sai da ya yi sufa ya kama ta a ƙota, gwiwarsa a ƙasa. Ya sake cillawa. Wannan karon ta caki rairayi.

"Maƙeri!" Mainassara ne a bayansa, dogo, da sanda a hannu. Ya wuce ya karɓi galmar ya jijjiga ta. "Faifai ka ƙera muna? Hura za mu rufe da shi?"

"Ba ka taɓa riƙa aiki irin wannan ba," in ji Rabo.

"Ban taɓa ba, Allah ya kiyaye. Kai, shekara biyar hannun yaron nan na jifa da nauyi guda. Ya san juyi nawa take yi kahin ta dawo, ko ido rufe. Mai nauyi inda ka aike ta nan take zuwa. Wannan kau iska ke da ita. Kai da ka ji tsoron ta hwaɗa mashi bisa kai, ai ita ce za ta hwaɗa."

"Mi ya hana shi hwaɗi?"

Mainassara ya dube shi ya ƙyalƙyale da dariya. "Ya hwaɗa ma wa? Kai? Yaushe kuka taɓa magana ta wuce lahiya?"

Rabo bai tsaya jin haushi ba. Ya ɗaga kai ya dubi rana. Ba ta kai tsaka ba, wasa kuwa sai la'asar.

"Kawo mani wadda yake koyo da ita. Ina maƙerin garin nan?"

Maƙerin Mai Yara wani tsoho ne, Tanimu. Ya ba da wuta da gawayin ƙirya, ya ce zai ja zuga-zugi da kansa, amma ƙarfe ba shi da ko ƙusa, duk ya tafi ga lauje da magirbi. Rabo ya sauke gizagon da ke rataye a kafaɗarsa, wanda ya gada wurin ubansa, ya fitar da ƙotar ya jefa ƙarfen cikin wuta. Ya riƙe tsohuwar galmar koyo a hannun dama, tasa a hagu, ya lumshe ido yana auna su. Sannan ya cire ƙarfen tasa ya tura wuta, ya barbaɗa yashi, ya jira har ƙarafan biyu suka yi fari suna tartsatsi. Ya haɗa su ya shiga bugu. Tartsatsi ya ƙone masa damtse bai ko duba ba. Tanimu ya ba shi tsohuwar ƙota mai nauyi, ya kafa.

Azahar ta gota lokacin da aka tsoma ta a ruwa. Kyawun nan duk ya tafi. Ta yi baƙi, ga tudu a bayanta kamar ƙusumbi.

Aka kira Sa'adu. Ya zo zai durƙusa can nesa yadda ya saba.

"Matso," in ji Rabo. "Jehwa ta in gani."

Yaron ya cilla, ya cafe. Ya tsaya kansa a ƙasa.

"Ta yi?"

Sa'adu ya ci gaba da jujjuya ƙotar a hannunsa.

"Kai nake tambaya. Ni ƙarhe na sani, ban san sama ba. Ta yi ko ba ta yi ba?"

Tanimu ya juya baya yana gyaran gawayi, don kada ya ga abin kunya. Sa'adu ya ɗago kai.

"Baba... tana rinjaya hagu. Kuma ƙotar ta yi tsawo da yatsa biyu."

"To, haka ake magana."

Ya mayar da ita wuta, ya bubbuge gefen hagu, ya datse ƙota. Sau uku suna haka, yaron na faɗi, uban na gyarawa. A na ukun galmar ta tashi ta juya sau huɗu ta dawo cikin tafin Sa'adu ba tare da ya ɗaga ƙafa ba. A daidai nan aka ji gangar noma ta fara kira daga fage.

Rabo ya sami wuri can baya, kusa da Buzaye. Manyan 'yan hoto suka yi nasu, ƙasa na girgiza. Sannan makaɗi ya sauya kiɗa, Mainassara ya jawo Sa'adu tsakiya. Yaron ya kewaya fage da rawa, ƙafa na bin ganga, ya cilla ta farko ya cafe a tsaye. Ta biyu ya juya sau biyu a ƙasa kafin ta iso. Mata suka rangaɗa guɗa. Kafin ta uku iska ta taso da ƙarfi, har zanen wata mata ya yi sama. Mainassara ya ɗaga sanda alamar a jira ta lafa. Sa'adu bai jira ba. Ya tura galmar sama har ta zama ɗan baƙin abu a ido, ya kwanta rigingine a ƙasa, ya miƙa hannu ɗaya. Galmar ta sauko miƙe, ƙota ta faɗa cikin hannun, tas.

Fage ya ruɗe. Mainassara ya zo da warkin baƙar akuya ya ɗaura masa da hannunsa, ya ɗaga murya ya ce jibi ayari zai tashi, kuma da sabon ɗan hoto a ciki.

Wani Buzu da ke gefen Rabo ya gyara rawaninsa ya tambaya, "Yaron nan ɗan wane ne?"

Rabo ya dubi wani wuri daban, yana shafa ƙunar damtsensa.

"Ɗan wasu mutanen Korahane ne," ya ce. "Galmar dai ni na ƙera ta."

Buzun ya ƙara leƙa galmar, ya taɓe baki. "Ba ta da kyau."

"Ba ta da shi," in ji Rabo. Ya tashi ya nufi wurin jakinsa, don akwai man shanun Azara a cikin kaya, kuma dole ya shiga hannun yaron kafin jibi.