Ƙafar Baffa Cikin Safa

Ni dai ban san wanda ya raba wa danginmu taurin kai ba, amma ko wane ne, mudu biyu ya zuba wa Baffa.

Baffa mahaifina ne, Malam Nu'uman, makiyayi a Tamawa, can ƙasar Kurfi. Ya haura saba'in, kuma tun da na yi wayo ban taɓa ganin hantsi ya same shi a gida ba. Bana da damina ta faɗi sai ƙafa ta fara yi masa gardama. Yana tafiya yana jan ta hagu, yana tuntuɓe a fili inda ko tsakuwa babu. Makiyayi kuwa in ƙafa ta ƙi shi, shi ke nan, sai zaman gindin bishiya yana kallon shanunsa a hannun wani. Abin da muke tsoro ke nan, mu duka.

Ƙanena Sagiru ne ya kira ni a waya. "Adda, ki zo ki yi masa tausar nan taki. Asibiti dai ya rantse ba shi zuwa."

Tausar tafin ƙafa ita ce sana'ata. Wata shida na yi ina koyo wajen wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya, yanzu ina da ɗan ɗaki a Dutsin-Ma inda malamai mata da 'yan kasuwa ke zuwa. Akwai taswirar ƙafa a bangona: babban yatsa wai shi ne kai, tsakiyar tafi ciki ne, diddige kuma ƙugu. Ina danna kowane wuri da yatsana, mai ƙafa ta faɗi inda ta ji zafi. Abin da na gani da idona dai, mace ta shigo a gajiye kamar an yi mata duka, ta fita sakayau, ta samu barci. Ban taɓa ce wa kowa ina warkar da cuta ba. Na faɗa wa Sagiru haka, ya ce in zo dai, da babu gara ba daɗi.

To ga inda gizo ke saƙar: ni ce 'yar fari. A gidanmu ana kunyar ɗan fari kamar suruki. Baffa bai taɓa kiran sunana ba, sai dai "mutuniyar Dutsin-Ma". In na shigo ya kalli gabas, in na koma gabas ya kalli akuya. Wannan mutumin ne zai miƙo mini ƙafarsa tsirara?

Ranar Asabar na shiga motar Kurfi, na hau mashin zuwa Tamawa, da kwalbar man kaɗanya a jaka. Sai da aka yi zaman sulhu kamar za a raba gado. Baffa ya ce bai yarda ba. Sagiru ya yi ta lallashi har bakinsa ya bushe. Daga ƙarshe aka tsaya a kan sharaɗi: zai sa safa, baƙar safar nan mai kauri da ya samo wajen wani alhaji, kuma zai juya fuska bango.

Malamata ta sha faɗa mini, kada in kuskura in taɓa ƙafar da ban duba ba. Na sani sarai. Amma na ce a raina, uba ne, in na matsa zai tashi ya ɗauki sandarsa, gara in karɓi abin da na samu. Man kaɗanyar ya koma jaka.

Na kama ƙafar hagun na danna babban yatsa. "Baffa, da zafi?"

"Babu komi."

Na danna tsakiyar tafi, wurin da matan Dutsin-Ma ke yin tsalle suna salati.

"Nan fa?"

"Babu komi."

Sagiru na gefe yana washe baki. "Adda, kin manta wane ne? Mutumin da ya sha bulala a shaɗi yana kallon madubi, shi ne yatsanki zai sa ya yi ƙara?"

Haushi ya kama ni. Fulako ke nan, cutar gidanmu. Bafillace ko hanjinsa na waje zai ce maka lafiya lau. Ni kuma aikina gaba ɗaya a kan "nan da zafi" ya dogara. Ta yaya zan yi aiki da mutumin da ya ɗauki faɗin zafi abin kunya? Na tattara na koma Dutsin-Ma ina ƙunƙuni.

Asabar ta biyu haka muka yi. Har maƙwabta suka zo kallo, ana ta yaba masa, ana cewa irin mazan da sun ƙare. Ni kuwa raina ya ɓaci, na dinga dannawa da ƙarfi da gayya, ko zan ji ya ce wash. Ko gezau. Na lura yana ta shan ruwa, kofi bayan kofi, ya kuma rame. Na ce a je a auna shi. Ya gaya wa bango cewa asibiti na marasa lafiya ne.

Asabar ta uku ina kama ƙafar na ji ta da zafi kamar ƙasan tukunya. Na danna ƙarƙashin ƙananan yatsu sai na ji danshi a hannuna. Ga wani wari da ba na gumi ba.

"Baffa, zan cire safar nan."

"Ba mu yi haka da ke ba."

"To yau mun yi."

Sagiru ya ce, "Adda, haba." Ban ko kalle shi ba. Na ja safar, ta manne, sai da na jiƙa ta da ruwan buta. A ƙarƙashin ƙaramin yatsa akwai rami, da guntun ƙayar aduwa a ciki. Gefen ya yi baƙi, yatsu biyu sun kumbura sun canza launi. Wurin da na yi ta dannawa da gayya ke nan.

Baffa ya juyo. Ya daɗe yana kallon ƙafar kamar ta wani ce.

"Yaushe ka taka ƙaya?" na tambaye shi.

"Ban taka ƙaya ba."

"Baffa, don Allah yau dai ka ajiye fulakon nan."

"Wane fulako?" Muryarsa ta yi ƙasa. "Kin tambaye ni da zafi, na ce maki babu. Babu ɗin ne. Tun kafin azumi ba ni jin ƙasa in na taka."

Ashe gaskiya mutumin nan yake faɗa mini tun ranar farko, mu kuma muna ta yi masa kirari.

Ban sake neman shawarar kowa ba. Na ce wa Sagiru ya nemo mota ko ta ɗaukar buhu ce. Baffa ya fara cewa shanu, na ce shanun su yi kiwon kansu. Wallahi ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar, kuma ya shiga motar.

A asibiti aka auna jininsa, aka ce ciwon suga ne, ya daɗe a jikinsa, shi ne ya kashe jijiyoyin ƙafar. Likitar, wata 'yar siririya mai gilashi, ta ce yatsu biyu sai an cire. Sauran ƙafar za su yi ƙoƙari. Sagiru ya tambaya ko zai koma kiwo. Ta ce zai taka, in Allah ya yarda, amma bin shanu cikin daji ya ƙare.

Ta juyo wajena tana rubutu. "Ke ce kika gano ciwon? Kin kyauta. Da ma dai an duba ƙafar da wuri. Da mako biyu da suka wuce kuka kawo shi, wanki da magani sun isa."

Mako biyu da suka wuce ƙafar tana kan cinyata.