Rabin Hoton Baba

Tunda Baba ya yi ritaya daga koyar da lissafi, sai ya tare a ƙaramin ɗakin da ke kusa da kicin, shi da tsohuwar kwamfutarsa. Ya rubuta wata 'yar manhaja da kansa, layukanta ba su cika shafi ba. Aikinta ta ɗauki lamba ta ninka ta da kanta, ta ƙara wani abu, ta sake, ta yi ta sakewa, har hoto ya fito a allo: wani baƙin abu kamar ƙwaro a kwance, gefensa duk zayyana. In aka kutsa cikin gefen sai a tarar da wasu ƙananan ƙwarin, kowanne da nasa gefen, abin ba ya ƙarewa. Firaktal yake kiransa. Umma kuwa “aljanun Malam” take ce musu.

Hoton da ruwan toka yake fitowa. Baba ne zai bi zare-zaren da linzamin kwamfuta, ya ba wannan ja, ya ba wancan shuɗi, har ya gamsu. Sai ya zuba a filashi ya ba Auta, 'yarsa ta ƙarshe, wadda ke aiki a shagon buga hotuna da katuna, ta bugo masa a babbar takarda.

Wata safiya ta buɗe sabon hoton a shago, mai shagon ya leƙo ta bayanta.

“Tsohon naki ya gaji ne? Rabi ya yi ya bari.”

Ta duba da kyau. Ɓangaren dama ya sha launi, ja na shiga cikin rawaya kamar garwashi. Daga tsakiya zuwa hagu kuwa toka ce zalla, sai ka ce an sa wuƙa an raba. Ta yi dariya ta ce ƙila sabon salo ne. Amma dariyar ba ta kai mata ciki ba, don Baba mutum ne da ke iya ɓata wuni guda a kan zare ɗaya.

Da la'asar ta same shi a gaban allo yana tsaki.

“Baba, hoton jiya ba ka gama ba.”

“Wa ya ce? Na gama shi tas.”

Ta shimfiɗa masa takardar a tebur. Ya kalla, ya gyaɗa kai cikin jin daɗi.

“To, me ya rage?”

Ta ɗora yatsa a kan tokar. “Nan fa?”

Idonsa bai bi yatsan ba. Ya tsaya cak a tsakiyar takardar, kamar nan duniya ta ƙare.

“Ke dai kin cika tsokana. Zo ki duba min wannan shegiyar manhajar, tun safe ta ƙi tashi.”

Ta sunkuya ta duba abin da ya rubuta. Lambobin da ya kofo daga takarda duk guntaye ne, kowacce babu farkonta. Sai a sannan ta lura da fuskarsa. Kuncin dama an aske shi sumul. Na hagu furfura ce ta kwana da kwanaki.

Ta fita ta sami Umma a kicin.

“Umma, kin lura da Baba kuwa?”

Umma ta ajiye ludayi.

“Rabin faranti yake ci, ya ce na rage masa abinci. In na juya farantin sai ya ce yauwa, yanzu kika ƙaro. Shekaranjiya ya bugi ƙofa da kafaɗa, ya ce an matsar da ita. Na ɗauka tabarau ne.”

“Ba tabarau ba ne, Umma.”

Da ƙyar ya yarda ya bi su asibiti washegari, yana ta mitar cewa ya kai wani lungu a hoton da bai taɓa gani ba, an hana shi shiga. Likita ta ba shi takarda ta ce ya zana agogo. Ya zana da'ira kyakkyawa irin ta malamin lissafi, sannan ya cusa duka lambobin a ɓangaren dama, ya miƙa mata yana murmushi. Likitar ba ta yi murmushi ba. Ta sa aka ɗauki hoton kansa a ranar.

Da sakamako ya fito, likitar ta kira Auta ita kaɗai zuwa ofis. Ta ce idonsa lafiya lau. Wani ƙari ne ya tsiro a ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa, yana danne wurin da ke sanar da mutum cewa akwai hagu. Za a yi aiki, amma ba ta yi alkawarin komai ba.

Auta ta wanke fuska kafin ta fito. Baba na zaune a benci, Umma a hagunsa, ta riƙe masa hannu.

“Auta, ina uwarki ta shiga?” in ji Baba. “Daga zuwa sai ta bar ni ni kaɗai.”

Umma ta saki hannun a hankali, ta miƙe ta zagaya ta bayan bencin, ta zauna a damansa.

“Ga ni, Malam,” ta ce. “Ruwa na je nema.”