Igiyar Hawa

Inna Hinda ta shekara ashirin da huɗu tana karɓar haihuwa a likitar Guci, ƙaramin asibitin garin, amma ba ta taɓa ɗinka sabon zane don taron ƙungiyar ungozomai ba sai bana. Bana tsohuwar ɗalibarta Zulfa ce babbar mai jawabi, kuma ta yi mata alkawarin za a ambaci sunan Hawa a gaban kowa.

Hawa 'yarta ce, ita kaɗai Allah ya ba ta. Ta rasu wajen haihuwa a ƙauyen mijinta, ba ta zo awo ko sau ɗaya ba, don lissafin watanni ya ɓace mata. Bayan sadakar arba'in Hinda ta fara ƙulla igiya. Kowace mai ciki sai ta ba ta guda, ta riƙa kwance ƙulli ɗaya duk ranar kasuwa, in ta kai ga jan ƙulli ta taho awo. Matan karkara ba ruwansu da kalanda, amma wa ya taɓa mance ranar kasuwa? Har rugage aka san ta da igiyar Hawa.

Ita kuwa Zulfa a hannun Hinda ta koyi yanke cibiya, kafin karatu ya kai ta babban ofis a Damagaram. Bara ta dawo Guci ta yi mako uku tana cin tuwon Hinda, tana tambaya tana rubutawa.

"Inna, wannan aiki sai duniya ta ji shi," in ji ta. "Da bakina zan faɗi sunan Hawa."

Ranar taro Hinda ta biyo motar kasuwa zuwa Magaria, ta sami kujera a layi na biyu. Zulfa ta hau dandamali, tabarau a goshi, ta buɗe da Faransanci kamar ba ta taɓa shan fura a ludayi ba. Sannan ta juyo Hausa, ta ɗaga igiya sama. Hinda ta gane ta, ƙullin hannunta ne.

"Shekara biyu ina bincike kafin na gano wannan dabara," in ji Zulfa. "Abokan aiki sun sa mata suna igiyar Zulfa, ni dai ban so ba."

Aka yi ta tafi. Hinda ta ci gaba da jira, ta ce a ranta ƙila a ƙarshe ne, ai ba a fara cin tuwo da nama. Zulfa ta gode wa shugabar ƙungiya, ta gode wa direba, ta gode har wa masu dafa abinci. Idonta ya faɗo kan layi na biyu, ya wuce.

Abin ya yi wa Hinda ciwo ƙwarai, har ta ji sabon zanen nan yana ba ta kunya. Ba yabo ta zo nema ba. Ta so ne mata ɗari biyu su ji sunan 'yarta sau ɗaya.

A bakin ƙofa ana raba wa kowa igiya cikin leda, da hoton Zulfa a manne. Mai rabon ta dubi furfurar Hinda ta tausaya mata.

"Inna, tsaya in nuna miki yadda ake kwance ta."

"Bar shi, 'yar nan," in ji Hinda. "Na san mai ita. Ni na haife ta, ni na yi mata wankan gawa."