Jinin Jabir a Jikin Ummusalma

Da Ummusalma ta zubar da jini wajen haihuwa, mijinta Jabir, mahauci a mayankar Abatuwa, ya rantse jinin bare ba zai shiga jikinta ba. Nasa za a ƙara mata, tunda rukunin jininsu ɗaya. Ledar jinin ba ta yi rabi ba zazzaɓi da rawar sanyi suka rufe ta, aka cire.

"Likita, jinina ne ba kyau?"

"Lafiyarsa ƙalau, Malam," in ji Likita Ifeoma. "Cikin 'ya'yanka da ta sha ɗauka ne ya koya wa jikinta yaƙar fararen ƙwayoyin jininka. Na bare zai fi karɓar ta."

Jabir ya cire hula, ya sake mayarwa. "To jikinta bai san ni ba ke nan?"

"Ai don ya san ka ne."