Awon Ƙugun Yaya

Da azahar, in rana ta kwanta a kan tulin yadika, fanka tana juyi kamar an yi mata dole, Tsinke yakan tsai da keken ɗinki ya lula wurin mahaifinsa. Ba barci ba ne, ba kuma ido biyu ba. Baba yakan shigo ya cika ƙofar shagon, kafaɗa nan, kafaɗa can, ya sunkuya ya ɗaga shi sama har ya hango rufin maƙwabta. Tsinke bai isa shiga makaranta ba ranar da wannan ƙaton mutum ya dafe ƙirji ya zauna a tsakar gida, bai sake tashi ba.

Sunan Tsinke kuwa, ba a zalunce shi ba. Tela ne da in iska ta taso sai ka ji kamar ka riƙe masa riga. To wannan bawan Allah ne likita ta duba sakamakon gwajinsa, ta ce kitse ya yi yawa a jininsa, ta rubuta masa ƙwaya ɗaya kullum. Ya karɓa da ladabi, ya fito yana dariya a ciki. Kitse? A ina zai samu wurin zama? Nan take ya yanke cewa an musanya jininsa da na wani.

Tsoronsa a kan Yaya yake, wansa direban babbar mota, wanda tumbinsa ke riga shi sallama. Duk sanda Yaya ya cika ƙofar shagon sai gaban Tsinke ya faɗi, don Baba yake gani, kuma ba ya jin zai iya jure irin waccan ranar sau biyu.

"Yaya, don Allah ka riƙa shan wannan. Na kitse ne."

"Kai aka ba, ni zan sha?"

"Dube ni, ka dubi kanka."

Yaya bai taɓa iya ce wa ƙanensa a'a ba. Ya sa a aljihu, ya riƙa sha.

Daga nan Yaya ya shiga uku da awo. Ko gaisuwa ya zo, sai Tsinke ya ciro tef daga wuya ya zagaye masa ƙugu, wai wando zai ɗinka masa. Wando dai bai fito ba, ƙugu kuma ko ɗan yatsa bai ragu ba. Da lokacin komawa asibiti ya yi, aka sake ɗibar jinin Tsinke, sai ya ja Yaya suka shiga wurin likita tare, ya kai ƙarar ƙwayar, wai Yaya na ta sha amma tumbi bai ragu ba.

Likita ta cire tabarau ta ajiye a hankali.

"Malam, wannan ba maganin rage tumbi ba ne, kuma ba a ba wani aronsa. Yawancin kitsen nan hantarka ce ke yin sa, ko ka ci maiƙo ko ba ka ci ba. Shi ke taruwa a bangon hanyoyin jini har hanya ta tsuke, ba tare da ka ji ciwon komai ba. Ƙwayar tana rage wa hanta wannan aikin ne, sai hantar kuma ta koma tsamo wanda ke yawo a jini. Kullum ake sha. In ka ji tsokar jikinka na ciwo, ka dawo ka gaya mini. Yayanka za mu gwada shi daban. Kitsen jininka ne ya ƙara hawa."

Ta mai da tabarau. "Akwai wanda ciwon zuciya ya ɗauke da wuri a gidanku? Abin yana bin jini."

"Babanmu," in ji Tsinke. "Amma shi ƙato ne, kamar Yaya."

Yaya ya juyo, kujera ta yi ƙara. Ya daɗe yana kallonsa.

"Wa ya ce maka? Baba siriri ne, ƙanena. Rigarsa da ke wurina, ko damtsena ba ya shiga. Kai ne ƙarami, shi ya sa ka gan shi ƙato. Ni kullum na shigo shagonka, shi nake tararwa zaune a kan keke."

Tsinke ya dubi siraran hannuwansa a kan gwiwa kamar yau aka ba shi su. Tsoro ya kama shi, wannan karon don kansa. Ya tuna 'yarsa ƙarama, wadda jiya-jiyan nan ya ji tana rantse wa ƙawarta cewa duk duniya babu wanda ya kai babanta girma.

Ya miƙa wa Yaya tafin hannu. Yaya ya laluba aljihu ya ɗora masa sauran ƙwayoyin.

"Likita," in ji Tsinke, "ko zan samu ruwa?"